Zuwa ga Isiyaku, Mai Gadin Gwanki

Damari, ta Sabuwa.

Ɗana Isiyaku,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, mutanen gida duka suna gaishe ka. Ina fatan motar da ta ɗauke ka ta sauke ka lafiya, ka kuma tarar da mutanen kirki a inda aka kai ka. Allah ya tsare ka daga maciji da ƙaho da harsashi, ya raba ka da mugun aboki, ya sa duk dajin da ka shiga ka fito da ƙafarka.

Ranar da za ka tafi gida ya cika da masu sallama, ban samu na ce maka komai ba sai Allah ya kiyaye hanya. Ko da na samu wuri ma, ban san abin da zan ce ba. Shi ya sa na sa malamin makarantarmu ya rubuta mani wannan, na kuma roƙe shi kada ya gyara mani magana ko da ya ji ta karkace, don a karkacen take a raina.

Har yanzu ban gama gane aikin nan naka ba. Mata suna tare ni a bakin rijiya suna cewa, "Hajo, an ce ɗanki ya samu aikin kaki?" In ce masu i, gadin namun dawa zai yi a gandun dajin da ke yamma da mu. Sai su ce, "Na wane ne namun?" In ce ba na kowa ba ne. Wata ta ce, "To abin da ba na kowa ba, wa za a ce ya sata?" Na ɗauki tuluna na taho, don ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Amma akwai abin da na sani game da daji, kuma yawancinsa ta hanyar kuskure na san shi. Kana makaranta a Kankara lokacin da abubuwan nan suka faru, ƙarshensu kawai ka gani in ka zo hutu. Bari in ba ka farkonsu.

Da babanku ya rasu a Mabai na dawo Damari da ku, kawunka Ɗanjuma ne ya buɗe mamu ɗaki. Shi yayana ne, maharbi ɗan maharbi. Shi ke shiga daji da bindigarsa ta toka, ni ke yin bandar abin da ya kawo, a kai kasuwar Sabuwa. Da wannan hayaƙin aka yi maka riga, da shi ka je makaranta. Kakanka yana da doka a gidan: in ciyawa ta yi tsawo namun dawa suka fara haihuwa, ana rataye bindiga a koma gona, kuma ba a harbin mace mai ciki ko mai shayarwa. Ban taɓa tambayar dalili ba. Na ɗauka irin camfin maharba ne.

Sai aka ce an samu man fetur a ƙasar nan. Aka buɗe hanya, manyan motoci suka fara ratsa mu da siminti, 'yan kwangila suka cika kasuwa da sabuwar naira. Kowa naman daji yake so, wai shi ne abincin manya a birni. Bandar da nake kai wa kasuwa in dawo da saura, sai ta koma ana biyo ni gida a kanta. Wata damina masu saye suka matsa mani, ni kuma na matsa wa kawunka.

Ya ce, "Hajo, ba lokacinsa ba ne."

Na ce, "Yaya, dajin nan tun kakanni ake cinsa bai ƙare ba. A kanmu zai ƙare?"

Ya dube ni, ya sauko da bindiga. Da gaske na yi imani da abin da na faɗa. Tun ina yarinya nake jin gwanki suna ratsa bayan gari garke guda, ƙasa na motsi. Ban lura cewa na daɗe ban ji wannan motsin ba, labarinsa kawai nake ta maimaitawa. Don haka ga shawarata ta farko. Duk wanda ya ce maka naman dawa kaza yana nan da yawa, kada ka yi musu da shi, ka tambaye shi dai yaushe rabon da ya gan shi da idonsa. Za ka ga ya tsaya yana lissafi. Ni da an yi mani wannan tambayar a lokacin, wataƙila da na bar bindigar a rataye.

Da la'asar kawunka ya dawo, ba da nama kaɗai ba. Ya harbi gwanki daga nesa, ya isa ya tarar mace ce, nono na zuba. Ya bi sawunta baya har ya samu 'yarta kwance cikin ciyawa, ta lafe ko motsi ba ta yi. Ya saɓo ta a wuya ya dire mani a tsakar gida, ya ce, "Ga ragowar cinikinki." Bai ci tuwo ba ranar.

Ranar Lahadi ce, sai muka sa mata Ladi. Ka tuna ta: kunnuwa dogaye kamar na jaki, fuska da zanen baƙi da fari. Da farko ta ƙi komai. Na riƙa sayen madara wurin Fulanin da ke sauka bayan gari, in tsoma yatsuna a ƙwarya in sa mata a baki, har ta koyi sha. Daga nan dusa, daga nan harawa. Ta san muryata. In na tafi rijiya tana baya, in na zauna tsinkar zogale ta ɗora haɓarta a cinyata. Ku duka kun tafi, ɗaki ya yi mani faɗi, sai ta cike wurin. Abin da ya fi ɗaure mani kai shi ne, a kwanakin farko ina shafa kanta da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana juya naman uwarta a kan wuta. Ban ga wani abu a ciki ba a lokacin. Yanzu in na tuna sai in rasa wace irin mace ce ni.

Labarin Ladi ya kai har Faskari. Wata rana da rani sai ga mota a ƙofar gida, malamin daji ne daga can tare da wata Baturiya, dattijuwa, ta kusa sa'ata, fatarta duk rana ta gasa. Suka nemi izni suka shigo. Ta durƙusa nesa da Ladi ta daɗe tana kallonta ba ta taɓa ta ba. Malamin dajin ne ke yi mamu tafinta.

Na ba su ruwa, na tambaye ta abin da ya rabo ta da ƙasarsu. Ta ce a garinsu akwai mutanen da ke taruwa a wani zaure, a nuna masu hotunan namun dawan ƙasashenmu, a gaya masu waɗanda suka kusa ƙarewa, kowa ya ba da abin da ya samu. Ta ce akwai tsofaffin mata da ke saƙa hula da safa su sayar, su kawo abin da suka samu. Da wannan ake sayen takalma da kekuna da magani na masu gadin daji, a kuma haƙa wa namun wurin shan ruwa.

Na ce, "Matan nan sun taɓa ganin gwanki?"

Ta ce ba su taɓa ba, kuma yawancinsu ba za su taɓa gani ba.

Na ce, "To mi za su samu?"

Ta ce, "Su dai su san yana nan."

Isiyaku, na juya maganar nan a raina har yau ban ga ƙarshenta ba. Ana cewa ƙasarmu ta yi arzikin da ba ta san yadda za ta yi da shi ba, ga motoci na wucewa da kaya dare da rana, amma wata tsohuwa a ƙasar sanyi ce ke saƙa safa don gwankinmu ya sha ruwa. Na kuma tambaye ta abin da ke cina. Na ce rabin garin nan kurkunu ya kwantar da su saboda ruwan tafki, ya aka yi tausayin ya tsallake mutane ya faɗa kan dabba? Na zaci za ta ji haushi. Sai ta ce tambayar daidai ce, kuma ba ta da amsar da za ta gamsar da ni. Ta ce akwai masu tara wa rijiyoyi, ita dai abin da ta iya ke nan, kuma ba ta ce ya fi ba. Na ji daɗin da ba ta yi mani ƙarya ba. Kai ma za a yi maka wannan tambayar, manomin da gwaggon biri ya cinye wa masara zai yi maka ita da zafi. Kada ka ɗaga mashi murya don kana cikin kaki. In ba ka da amsa ka ce ba ka da ita, ka taya shi korar birin.

Daga nan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce gwanki ya yi ƙaranci a duk yankin nan, mace ɗaya ma abu ce babba. Akwai wani shinge da suka yi a cikin gandun daji, inda ake ajiye irin su Ladi nesa da mutane har su manta da hannu, sannan a buɗe masu su bi 'yan'uwansu. Tana roƙon in ba ta ita tun ƙahonta bai yi ƙarfi ba.

Na ce, "Ladi ba ta cin abinci sai daga hannuna. Can za ta mutu."

Ta ce za ta yi kwanaki tana ƙi, sannan ta ci.

Sai na faɗi maganar da ta fi kowace tsada a rayuwata. Na ce, "Ai dajinmu na nan cike yake da su. Ku bar mani wannan ɗaya, ku je ku nemi wasu."

Ta gyara zama. Ta sa malamin dajin ya sake tambayata ko na tabbata, don su sun zagaya gefen nan ba su ga sawu sosai ba. Na ce na tabbata, ni 'yar gidan maharba ce, sun shiga ciki ne saboda zafi. Kawunka yana zaune a bakin zaure yana jin mu. Ya san ba haka ba ne, amma ba zai ƙaryata ƙanwarsa gaban baƙi ba. Baturiyar ta yi murna ƙwarai, ta riƙe hannuna biyu tana godiya. Ni ma har na ji daɗi, na ga na faranta wa baƙuwa rai.

Daga baya malamin dajin ya gaya mani abin da maganata ta jawo. Masu gadin da suke da su kaɗan ne, dole a zaɓi inda za a kai su. Da aka haɗa abin da na faɗa da na wasu irina, sai aka ga gefenmu da sauƙi, aka tura su can kudu inda aka ga abin ya fi tsanani. A ranin nan masu harbi da mota suka gano dajinmu. Ba maharba ba ne irin kawunka mai bin sawu da ƙafa. Mutanen birni ne da bindigogi masu baki biyu, su tsaya a bakin ruwan da ya rage su harbe duk abin da ya zo sha. Ɗan garken da ya saura a bayan Damari, a wannan ranin aka gama da shi.

Saboda haka ka riƙe wannan da kyau. Mutanen nan masu ba da taimako suna nesa, idonsu kai ne. Za ka so ka faranta masu, za ka ji tsoron in ka ce babu su janye hannu, za ka ji kunyar a ce ka yi yawon mako ba ka ga komai ba. In ba ka gani ba ka ce ba ka gani ba. Kada ka ƙara ko ɗaya don a ji daɗi, kada kuma ka rage don a tausaya a ƙaro kaya. Ba na cewa ka durƙusa masu, mutane ne kamar kowa, suna kuskure, wani lokaci ma suna tambayar abin dariya. Amma tsohuwar da ta saƙa safar nan tana da hakki a kanka ko ba ta san sunanka ba.

Ladi ta girma a gida. Ƙahonta ya fito ya lanƙwasa baya, tsawonta ya wuce na jaki. Ta fara shiga gonakin mutane tana cin wake. Wata rana ta yi wasa da jakin maƙwabcinmu ta farke mashi cinya. Mai gari ya aiko cewa a san yadda za a yi da ita. Na aika Faskari a gaya wa Baturiya na yarda, aka ce ta koma ƙasarsu sai bayan damina, motar da za ta iya ɗaukar dabba mai girman nan kuma ba ta nan. Kawunka ya ja ta da igiya ya kai ta cikin daji mai nisa ya sake ta. Kafin ya iso gida ta riga shi, tana tsaye wurin turmi tana jiran dusa. Na yi dariya har da hawaye, na ce kun gani, ta san gidansu.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ta fita kiwo gefen sabuwar hanya. Masu aikin gona a wurin ne suka ba ni labari. Wata mota ta tsaya, mutane suka fito. Gwankin daji da ya hango mota tun daga nesa zai juya, ko ƙurarsa ba za ka cim ma ba. Ladi kuwa ta ɗaga kunnuwa ta nufe su da kanta, don ita a saninta duk wanda ya miƙo hannu abinci zai ba ta. An ce har ta kai hancinta kusa da bakin bindigar. Manoman suka rugo suna cewa ta gida ce, kafin su iso an jefa ta a bayan mota.

Ban yi kuka a gaban mutane ba, don wa zai gane tsohuwa na kukan naman dawa, ita da sana'arta banda? Amma tun daga ranar ban sake hura wutar banda ba. Ƙuli-ƙuli nake yi yanzu, ka sani.

Ga shawarar da ta fi yi mani wuyar faɗa. In ka samu maraya a daji, zuciyarka za ta ce ka rungume shi. Ka ba shi abin da zai rayu, amma kada ka bari ya saba da kai. Kada ka sa mashi suna. In ya fara biyo ka, ka kore shi, ko da jifa ne. Tsoron mutum shi ne kaɗai garkuwarsu, ni kuma na cire wa Ladi tata da hannuna ina ganin ƙauna nake yi. Na kasa gane irin aikin da za a ce ka tsare abu da ranka, kuma alamar ka yi daidai ita ce ya gan ka ya gudu. Amma haka abin yake.

Saura maganar kawunka, ita ce ta sa na kasa haƙuri sai da na aiko da takardar nan. Ka san bai daina harbi ba. Bai iya komai ba sai shi, gonarsa ba ta ciyar da gidansa. Yanzu da gefenmu ya zama wayam, sai ya ƙetara rafi ya shiga gandun dajin da aka hana, wato inda aka kai ka. Ranar da ka tafi bai zo sallama ba, ka lura. Washegari ya shigo ya zauna a kan turmi, muka gaisa.

Ya ce, "Hajo, yaron da na ciyar da naman gwanki, shi aka ba kaki ya kama ni?"

Na ce, "Yaya, ba don kai ya shiga ba."

Ya ce, "Na sani. Don Ladi ya shiga. Ni na kawo ta gidan nan, ke kika raine ta, shi ya ɗauki abin a ransa. Duk mu muka yi shi."

Na ce, "To ka bari mana. Ka ga dai yadda dajin ya koma."

Ya ce, "Na fi ki gani. Ina tafiyar yini ban ga sawun kirki ba. Amma in na bari mi za su ci a gidana?"

Ya miƙe zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "In za ki aika mashi, ki gaya mashi abu biyu. Na farko, ba zan daina shiga ba. Na biyu, in ya gan ni kada ya kau da kai. Ban yi wahalar yaro don ya ci albashi yana rufe ido ba."

Ya tafi ya bar ni da tsintsiya a hannu. Na kwana biyu ina juya maganar, ban san ko gargaɗi ya yi maka ko albarka ya sa maka ba. Wataƙila shi ma bai sani ba. Na so in rubuto maka in ce ka nemi a canza maka wuri, na kuma so in ce in kun haɗu ka bi wata hanya kamar ba ka gan shi ba, uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi. Amma na riga na ga abin da ke biyo baya in mutum ya faɗi abin da ba haka ba don ya tsare nasa.

To ga abin da na tsayar, ko daidai ne ko ba daidai ba, Allah ya sani. In ranar ta zo, ka ce wa abokan aikinka su dakata a baya. Ka cire hularka, ka durƙusa ka gaishe shi kamar yadda ka saba a zaure, ka tambaye shi gajiya. In da ruwa a gorarka ka ba shi ya sha. Sannan ka karɓi bindigar da hannu biyu, ta kakanka ce, kada ka bari wani ya fizge ta. Abin da doka ta ce a yi, a yi, amma kada a sa mashi igiya a gabanka, zai bi ka da ƙafarsa. In kuma manyanka suna neman wanda ya san hanyoyin ruwa da makwancin namun dajin nan, ka ambaci sunansa tun kafin ranar ta zo, ko Allah zai sa a ba shi abin yi da zai raba shi da harbi. Ban san ko zai karɓa ba. Gidansa kuwa, in an tsare shi, ni zan riƙa kai masu tuwo. Wannan nawa ne, ba naka ba.

Ka riƙe salla ko kana tsakiyar daji. Ka duba cikin takalminka kafin ka sa ƙafa. Kada ka sha ruwan da ba ya gudu. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka zuciyar da za ta ɗauki abin da ke jiranka, ya tsare kawunka shi ma, ya kuma bar wa dajin nan abin da ya rage mashi. Na yafe maka duniya da lahira. Ka aiko mani da amsa ta hannun direban motar Sabuwa, ko layi biyu ne, in san ka sauka.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hajo